Yadda Na Kayar Da Maiɗakina A Jarrabawar Turanci

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Azare, kuma a lokacin ban yarda akwai wanda ya fi ni sanin karin maganar Turawa daga nan har Gadau ba. Ina da wani ɗan littafi da na saya a tashar mota, karin magana ɗari biyu da ma'anoninsu. Ko gaisuwa zan yi a ofishin malamai sai na jefa ɗaya. Abokan aiki su yi tsit, ni kuwa in ɗauka burge su na yi.

Maiɗakina 'yar Itas ce. Tun kafin aurenmu burinta ta zama ungozoma. Duk darussa ta ci, Turanci kaɗai ya tsaya mata a wuya. Shekarar da za ta sake zama jarrabawar, makarantar ungozoma ta riga ta ba ta gurbi, da sharaɗin ta kawo sakamakon Turanci kafin a fara karatu. Na ce ta kwantar da hankalinta, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Na ba ta gwaji, wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan famfon unguwa. Ta rubuta layi goma sha biyu: famfo ya lalace, mata na ɗibar ruwan kududdufi, yara na gudawa, a taimaka a gyara. Ban sami kuskure ko ɗaya ba, amma sai da na bi ta da jan biro.

"Wannan ai miya ce ba gishiri," na ce mata.

"Malam, ba a gane abin da nake nufi ba ne?"

"An gane mana. Amma mai duba jarrabawa ilimi yake son gani."

Tun tana ƙarama ta yi sauka, don haka hadda ba baƙuwarta ba ce. Sai muka mayar da littafin allo. Kullum bayan la'asar in biya mata goma, ta maimaita, ƙarshen mako a yi tilawa. Tana tankaɗe tana rerawa: in Bature ya ce ana ruwan karnuka da kyanwoyi, mamakon ruwa yake nufi, in ya ce wani ya shuri bokiti, ya mutu ke nan. Cikin wata guda ta haddace su tas. Abin da ban koya mata ba, don ni ma littafin bai koya mini ba, shi ne inda ake faɗar kowanne, da kuma a gaban wa.

Ranar jarrabawa ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta fara ba ni labari. An ce su rubuta wasiƙar ta'aziyya ga shugaban makarantarsu wanda mahaifinsa ya rasu. Karin magana ashirin da bakwai ta zuba a shafi ɗaya da rabi.

"Amma Malam, da na zo kan bokitin nan sai da na dakata. Na ce yanzu ni ce zan ce wa mutum ubansa ya shuri bokiti? Sai na tuna ka fi ni sani."

"Kin ci kin gama," na ce, har da tafi.

Sakamako ya fito, ta faɗi. Gurbin ya tafi ga wata. Na zagi masu duba jarrabawa kwana uku, ita kuwa ta daina rera komai in tana aiki. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, don na san laifin waye. Macen da ta san a gidan makoki "Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri" ya isa, ni na sa ta yi wa maraya barkwanci da gawar ubansa.

Da shekara ta zagayo na ɗauko littafin. Ta dube ni ta ce, "Malam, bana ko faɗuwa zan yi, bari in yi tawa."

Ta zauna jarrabawar, ta ci. Yayata ta taso daga Giade yin barka, tun daga zaure take guɗa.

"Yo ba dole ba! Matar malamin Turanci guda!"

Na gyara zama na ce alhamdulillahi. Maiɗakina ta ajiye mata kwanon fura, ta russuna.

"Gaskiya ne, Yaya. Malam ya yi ƙoƙari bana. Bai koya mini komai ba."