Jinin Fadama

Jama'a, ina sanar da ku a hukumance, kuma a gafarce ni: yau da safe na yi fitsari, ya fito fari tas. Na tsaya ina kallonsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Watanni kenan ba ku ji ɗuriyata ba. Wasunku sun ɗauka na ɓuya ne ina ƙarasa sabon littafi. To, ga inda na shiga.

Abin ya fara ne bayan kaka, da ɗan ja-ja a ƙarshen fitsari. Babu zafi. Rashin zafin nan shi ya kusa kai ni kushewa.

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ya san wannan jinin. Muna yara, in ka yi wanka a fadama ka ga ja, sai manya su ce ka fara zama namiji. Wanda bai gani ba har tsiya muke yi masa. Saboda haka da na sake ganinsa da furfura a gemuna, sai na gaishe shi kamar tsohon abokin firamare.

Matata Hajara ta ga alamarsa a jikin wando.

"Malam, wannan fa?"

"Jinin fadama ne. Ke 'yar tudu ce, ba za ki gane ba."

"Fadamar da rabonka da shigarta tun kafin ka aure ni?"

Na yi dariya, na koma kan rubutu. A lokacin ina babin ƙarshe, inda nake shirin sa wa wani mugun attajiri shanyewar ɓarin jiki. Masu karanta ni kun san halina: mugu ba ya fita daga littafina da lafiya. Na makantar, na kuturtar, na haukatar, kuma duk ina cewa adalcin Allah nake nunawa.

Sai jinin ya fara zuwa da gudaji. Ran wata Juma'a fitsarin ya tsaya cak, marata ta kumbura. A bayan a-daidaita-sahu aka kwashe ni zuwa asibiti, ina nishi.

Aka sa mini robar fitsari. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon na'urar.

"Baba, tun yaushe?"

Na faɗa mata.

"Kuma kana karatu da rubutu?" in ji ta.

Ta ce tsargiyar yarinta ce, ƙwayayen tsutsar da ke kawo ta sun zauna a bangon mafitsara shekara da shekaru, yanzu ga ƙari ya tsiro a wurin. Sai an je Kano an yanko a gani. Ba ta ambaci ciwon daji ba. Ni ma ban ambata ba. Shinkafar da aka noma mini a Auyo, wadda nake jira ta yi tsada, a satin muka sayar da ita.

A Kano, gadon da ke kusa da nawa na wani masunci ne daga Guri, Malam Bukar. Ciwonmu ɗaya, amma nasa ya riga ya bazu. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, carbi ba ya barin hannunsa.

Shi ya lura ba na salla.

"Malam marubuci, an kira azahar."

Na nuna masa jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado. "Da wannan ƙazantar zan tsaya gaban Ubangiji?"

"Au, kana tsammanin bai san da ita ba?"

Ya turo mini dutsen taimamarsa. Na yi salla a kwance, jaka na cika a hankali. Ban taɓa yin wadda na ji ta haka ba.

Wata rana ya ce, "A labaran naka, masu ciwo suna warkewa?"

Na ce, da ɗan alfaharina, "Ai ni miyagu kawai nake sa wa ciwo."

Ya ja carbi.

"To ni wa na zalunta?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. So yake ya sani.

Ranar da aka shiga da ni tiyata ya ce zai riƙe mini addu'a. Da na farfaɗo, gadonsa babu zanin gado, an goge katifar da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dutsen yana ƙarƙashin matashina.

Sakamakon ya ɗauki makonni. Daji ne, amma bai kai ga naman mafitsarar ba, an kankare shi. Zan riƙa komawa ana leƙawa da na'ura, domin yakan dawo. Kullum da safe sai na duba fitsarina kafin in kora ruwa.

Littafin na nan. Attajirin zai ƙare da ƙoshin lafiya, hisabinsa ba a hannuna yake ba. Wanda zai kwanta ciwo mutumin kirki ne, kuma har yau ban san yadda ake rubuta shi ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da waɗanda suka ba ni jini. Ku sa Malam Bukar a addu'a, Allah ya ji ƙansa.

Mutanen Guri, Auyo, Baturiya da duk mai shiga ruwa: jini a fitsari ba balaga ba ne. Tsargiya tana da magani, ƙwayoyi ne, ku kai yara a ba su. Babba kuwa ko sau ɗaya ya gani, ko babu zafi, ya tafi asibiti a ranar.

Hajara na tsaye a kaina, ta ce kada in rufe sai na rubuta da hannuna.

Ita ce da gaskiya. Na yi kuskure.