Dangwalin Baffa Labbo

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka dosa. Ranar Laraba sha biyar ga watan Nuwamba na 1978, ko naman layya bai ƙare a gidaje ba, Allah Ya karɓi ran Baffa Labbo a rugarsu da ke gabas da Guci, bayan 'yar gajerar jinya. Labarin ya iso ni Magarya ta bakin wani mai jakuna da ya kawo kanwa kasuwa. Ya tarar ina aiki, ya tsaya bakin ƙofa har na kashe inji, sannan ya faɗa. Ban iya sake tayar da injin ba a ranar.

Baffa, ni ne Gajere kafinta, Babarbaren nan da kake cewa bawanka ne tun kaka da kakanni. Kullum ina ramawa, in ce Bafillace ne bawa. Yau ba ni da bakin ramawa, na bar maka.

Wanda bai san shagona ba, bari in gaya masa abin da ya haɗa mu. A shekarar fari, 1973, na sayo wani tsohon inji mai shan gazuwal daga Damagaram, na fitar da zane da kwarmi a jikin ƙofofi da kujerun lakwal, wato makarantar boko. Da hannu ake tura kansa bisa katako, ya yi gabas ya yi yamma. Aiki kam yana yi, amma ƙurar katakon da yake tayarwa ta kusa kai ni kushewa, don dama ina da fuka tun ƙuruciya. Da na fara tofar da jini, likita ya ce in zaɓi ɗaya, inji ko rai. To, me zan zaɓa, ga 'ya'ya, ga tsohuwa, ga gona ta ƙone? Sai na kafa fanka a bayan bango, na haɗa ta da wani tiyo mai kaurin cinya, wanda ke zuƙe ƙurar tun daga bakin inji ya watsa ta waje. Sai dai tiyon nauyi gare shi. In an sake shi, ya faɗo bisa katako ya fizge kan inji, aiki ya ɓaci. Na kafe shi da ƙusa a jikin azara, ya tsage a wuya. Dole sai mutum ya tsaya ya ɗaga shi sama yana bin hannuna. Ƙarti majiya ƙarfi na ɗauka, ba wanda ya yi mako. Wannan ƙara ta dame shi, wancan hankalinsa na kan hanya.

A lokacin ne ka zo, Baffa. Fari ya share garkenka kakaf, ka iso gari kai da Inna Kadi, matarka, kuka yi bukka a bayan gari. Kana zuwa ka zauna ƙarƙashin bishiyar bedin da ke gaban shagona, ba ka roƙo, ba ka shiga layin rabon hatsi. Na miƙa maka fura, ka ce ka ƙoshi, alhali leɓenka duk ya tsattsage. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Kai Bafillace, tunda ba ka cin na banza, zo ka yi mini kiwon wannan." Ka tashi ka dubi tiyon sama da ƙasa. Sai ka saɓa shi a bayan wuya, ka rataya hannuwanka biyu a kansa, yadda kuke yi da sanda a bayan shanu. Mutanen da ke wurin suka yi ta dariya. Ni ma na yi, har na tayar da inji na ga ko ƙwayar ƙura ba ta iso hancina ba.

Shekara huɗu kana tsaye a bayana. Ba inji kake kallo ba, kafaɗata kake kallo, kafin in juya ka riga ni. Ka raɗa wa tiyon suna Karsana, in ya lanƙwashe ka yi masa tsaki ka ce ta fara halinta. Ba ka taɓa cin abinci a gabana ba, sai ka ɗauki ƙwarya ka zagaya bayan bango. Ɓawon katako da nake zubarwa kai ka riƙa tara wa Indo mai waina, tsohuwar da ba ta da mai yi mata itace, ka kai mata har bakin murhu. Ran da tari ya kwantar da ni, da ƙafa ka tafi har wajen Sassumbrum ka samo mini madarar da aka tatsa a gabanka, a shekarar da madara ta fi nama wuya.

Kuma ba ka jin tsoron faɗana. In bel ɗin fanka ya zame, ƙura ta fara dawowa, sai kawai ka miƙa ƙafa ka kashe inji, ko da ana tsakiyar ƙofar babban mutum. In yi ta bambami, in ce ka jawo mini asara. Ka bar ni in gama, sannan ka ce, "Bawana ba zai mutu a hannuna ba. Wa zai biya ni?"

Da daminar bara, ɗan'uwanka Hambali, wanda garkensa ya farfaɗo a Guci, ya aiko cewa zai ba ka aron karsana biyu irin na Fulani: ka riƙe su har su haihu, 'ya'yan naka, iyayen ka mayar. Ban taɓa ganin fuskarka kamar ranar ba. Na taya ka murna da gaske, amma na san in ka tafi, ko dai in rufe shago ko in koma shaƙar abin da zai kashe ni. Inna Kadi ta ɗaure kaya, ta gaji da jira ta kwance, kai kuwa kullum sai ka ce gobe.

Wata safiya ka shigo da ƙunshi a hammata. Ka kwance, sai ga dangwali, doguwar igiyar nan mai 'yan zarge jere da ake ɗaure maruƙa a ruga. Ta yi baƙi don tsufa. Ka ce mahaifinka ya tufka ta, kuma ita kaɗai ka ɗauko ran da saniyarka ta ƙarshe ta faɗi. Ka hau benci, ka ɗaure ta daga bango zuwa bango daidai saman inji. Ka kwance ƙullin kowane zarge ka mai da shi mai zamewa, ka shafe igiyar da man shanu, sannan ka zura tiyon cikin zargunan ɗaya bayan ɗaya. Ka ce in tayar. Na tura kan inji gabas, tiyo ya biyo ni. Na dawo yamma, ya tattaru ya dawo. Kana gefe, hannu a ƙugu, kana ta murmushi.

Na ce, "Baffa, to maruƙanka fa?"

Ka ce, "Ba su zo duniya ba tukuna. In sun zo, zan zo in karɓi kayana. Kai dai ja numfashi."

Ka tafi Guci, ba ka dawo ba. Duk wanda ya fito daga wajenku, saƙonka ɗaya ne: Karsana na tafiya daidai? In na tambayi labarin shanu, sai a ce mini ka ce da sauran lokaci.

Da na ji rasuwarka na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Dungas, na ƙarasa da ƙafa. Bayan na yi gaisuwa, idona ya kai kan maruƙa biyu, sun yi ɓul-ɓul, kowane an ɗaure shi a turkensa da guntun tsumma da ragowar igiyar guga. Na tambayi Inna Kadi yaushe aka haife su. Ta ce tun farkon damina, kuma kai ka hana a gaya mini. Ta ce Sambo, babban ɗanku, har ya ɗaura wa jaki akumari zai zo karɓar dangwalin, ka tare shi a bakin shinge ka ce, "Gajere da igiyar nan yake numfashi. Maraƙi ko da tsumma ya ɗauru." Aka ce to ka tufka sabuwa, ka ƙi, ka ce dangwalinka na nan da ransa, aiki yake yi a birni. Baffa, a gaban mata na yi kuka, ban ji kunya ba.

Da na koma Magarya na sauke igiyar da hannuna. Na sa Tamu maƙeri ya yi mini zobba, na ja waya a madadinta, na bi yadda ka nuna mini. Tana aiki, kada ka damu, sai dai kuka gare ta kamar tsohuwar ƙofa. Ranar Jumma'ar da ta wuce na kai wa Sambo dangwalin. Ya zauna ya mai da ƙullin yadda yake a da, ya kafa turaku biyu, ya ja igiyar, ya kawo maruƙan ya ɗaure. Sauran zargunan suna kwance a ƙasa ba kowa.

Allah Ya jiƙanka, Baffa Labbo. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka iska mai sanyi a cikinsa kamar yadda ka ba ni a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kadi, da Sambo, da ƙanwarsa Mariyama, da Hambali, da dukan mutanen rugarku. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Ya Allah, bawanKa ya mutu bai ɗaure maraƙi ko ɗaya a igiyar mahaifinsa ba saboda ni. Ka cika wa 'ya'yansa ita, kada Ka bar zarge ko ɗaya a ƙasa. Amin.