Makarantar da ke bayan gidan Gwaggo

Har yau idan na tuna yadda aka zaɓa mini makarantar koyon aikin ido, sai raina ya ɓaci. Ni na kwallafa rai a kan karatun tun ina sakandare a Babura, ni na yi ta sintiri Kazaure ina bincike, amma da aka zo yanke magana tambaya ɗaya aka yi: a wane gari muke da dangi?

A gidanmu mace ba ta zama inda babu nata. Makarantar da ta ba ni gurbi, wadda hukumar masu aikin ido ta amince da ita, tana can Kudu, a garin da ba mu da ko wanda ya taɓa kai albasa. Ga kuma wata sabuwa a tsallaken iyaka, cikin Nijar, a bayan gidan Gwaggo, yayar mahaifina.

Na durƙusa na ce, "Baba, a nan ba a ba mutum lasisin duba ido sai hukuma ta san makarantarsa. Ta wajen Gwaggo ba ta san da ita ba."

Kawu, wanda kullum yake hanyar Nijar da awaki, ya yi caraf ya ce, "Ke, idon Nijar daban yake da na Babura? Kuɗinsu sefa ma muna karɓa a kasuwa, sai takarda ce za a ƙi?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Kafin ki gama, makarantar da hukumar sun daidaita."

Ina! Ba su daidaita ba. Karatu kam an koya mana, wallahi ban raina malamaina ba. Amma da na dawo na kai takarduna, cewa aka yi ko jarrabawar lasisin ba zan zauna ba. Yanzu shagon tabarau nake tsare wa wani a Kazaure, ina goge gilashi. Tsoho zai shigo yana ƙyafta ido, ina kallo na san abin da ke damunsa, sai dai in ce, "Baba, je asibiti a auna ka tukuna." Takaici kamar in fasa ihu.

Bara mahaifina ya fara tuntuɓe da buta idan tana gefensa. Na zargi hawan jinin ido, na kai shi asibiti. Wadda ta duba shi 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, ba ta da kowa a Kazaure, ga ta ita kaɗai da farar riga. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai na zama tafinta.

Tana haska masa ido, Baba ya taɓa hannuna yana murmushi. "Gaya mata ke ma likitar ido ce."

Ta ɗago ta tambaye ni da Turanci me ya ce.

Na ce mata cewa ya yi hasken ya yi masa yawa.