Taɓarya Uku a Turmin Inna

Na sayi na'urar ɗaukar sautin ne a hannun wani abokina da ya koma aiki da kwamfuta. Ya ce min ta tsufa, zamani ya wuce ta, amma ni ina ɗora hannu a kanta na ji ta kwanta min a rai. Baƙa ce, faɗinta bai fi na tiren shayi ba, da maɓallai a jere waɗanda ake turawa sama a jawo ƙasa. Layi takwas gare ta. Kana iya ɗaukar ganga a layi ɗaya, ka dawo ka ɗora murya a na biyu kana jin gangar a kunnenka, ka ƙara amshi a na uku, haka har takwas. Ita kuma ta adana kowanne daban a cikinta, ba kaset ba zare. In ka yi kuskure a ɗaya, shi kaɗai za ka goge ka sake.

A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare. In na taso, sai na shige shagon ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa, wanda na liƙe bangonsa da tsofaffin katifu don kada ƙarar babura ta shigo. Waƙoƙin yaye ɗalibai nake yi wa makarantu, wani sa'in na amare. Kiɗan duk daga fiyano yake fitowa: ganga, kalangu, sarewa, duk yatsa ɗaya ke yin su.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa leƙa shagon ba. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma yaba ba. In an tambaye ta sana'ar ɗanta, malamin makaranta take cewa, ta tsaya nan.

Wata Asabar da hantsi ina fama da wata waƙa da kiɗanta ya ƙi zama. Duk gangar da na ɗora sai na ji ta a bushe, kamar ana buga gwangwani. Na cire abin sauraro daga kunnena don na huta, sai na ji wani sauti yana zuwa daga cikin gida, mai nauyi, a natse, kamar daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa. Injin surfen unguwarmu ne ya lalace, shi ne Inna ta jawo tsohon turminta daga bayan ɗaki tana surfa geron kunu. Rabona da jin wannan sautin a gidanmu na manta.

Na ɗauko na'urar da makirfo, na ja waya har tsakar gida.

"Mi kuma za ka yi da wanga abu nan?" in ji ta.

"Inna, dakanki zan ɗauka."

"Daka? Mutane sun ƙare, sai turmi za ka yi wa waƙa?"

Matata tana bakin murhu tana dariya. Na ce wa Inna ta ci gaba kawai, kamar ba na wurin. Bugun farko 'yan fitilun na'urar suka tashi ja gaba ɗaya, alamar ƙarar ta yi mata yawa. Na ja makirfon baya, na rage ƙarfinsa, na sa matashi a ƙarƙashinsa saboda ƙasa ma girgiza take. Na ɗauki kamar minti biyu. Sannan na ɗora mata abin sauraron a kan ɗankwalinta.

Ta saurara. Na zaci za ta yi mamaki. Sai ta cire ta miƙo min.

"Wannan ai dakan mutum ɗaya ne. Ba shi da daɗi. Da ka ji lugude, da ka san an yi daka."

Nan ta ba mu labarin da ban taɓa nema ba. Su uku ne a wurin mahaifiyarsu, a wani ƙauye gaba da Batagarawa: yayarta, wadda muke kira Iya, sai ita, sai autarsu da ta rasu tun ina ƙarami. In suka kewaye turmi ɗaya, taɓarya uku na shiga bi da bi, ba wadda ke taɓa 'yar'uwarta, suna yi suna waƙa. Ta ce har daga wasu gidaje ake aiko a roƙi mahaifiyarsu ta ba da su ranar dakan biki.

"Yanzu wa zai yi? Yaya kafaɗarta ta ƙi, ko buta da ƙyar take ɗagawa. Ɗiyan yanzu kuwa ba su san riƙon taɓarya ba."

Na ce, "Inna, ke kaɗai za ki iya yin ukun."

Ta dube ni kamar na yi mata rashin kunya. Na yi mata bayani da sannu: ta yi nata a layin farko, sai na mayar mata da shi a kunne ta yi na Iya a kai, sannan na autarsu. Can ta ce geron nan ya riga ya surfu, in ta ƙara zai dagargaje, kuma ita ba ta dakan turmi wayam, ba kyau. Na fita na auno tiya biyu.

Washegari muka fara. Na kunna mata ɗan ƙyas-ƙyas ɗin da na'urar ke yi don riƙe lokaci, ta ce na kashe wannan agogon, yana rikita ta. Ta yayyafa wa geron ruwa, ta gyara ɗaurin zaninta, ta yi bisimilla. Abin da ta yi a layin farko ya ba ni mamaki. Ba irin dakan jiya ba ne. Sai ta buga ɗaya, ta dakata, ta bar gurbin mutum biyu, sannan ta sake bugawa. In ka ji shi shi kaɗai sai ka ce mai dakan ta gaji ne.

A layi na biyu aka sha wuya. Abin sauraron ya riƙa zamewa daga kanta duk sanda ta sunkuya, sai da matata ta ɗaure mata shi da wani ɗankwalin. Sau uku tana faɗawa kan bugunta na farko. Duk sanda ta ɓata sai ta ce, "Shi ke nan, na lalata maka." Ni kuma na danna maɓalli na ce ba abin da ya lalace, na farkon yana nan. A karo na huɗu ta kama. Na ga kafaɗunta sun saki, ƙafarta ta dama ta fara motsi. Har wani ɗan gaggawa ta sa wa bugun, ta ce haka Yaya take, kullum kamar ana korar ta.

Muka huta, ta sha ruwa, muka sake gero saboda na cikin turmin ya yi laushi, sautinsa ya sauya. Da muka zo layi na uku, na autarsu, ta ɗaga taɓarya ta yi bugu kamar goma. Akwai wani salo da marigayiyar ke yi, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Inna ta yi shi sau ɗaya, ta cafe daidai, sai ta jingine taɓaryar a bango ta zauna a kan kujerar tsuguno.

"A bari haka nan," ta ce.

Ban matsa ba. Na naɗe wayoyina na koma shago. Da na waiwaya, matata ta zauna kusa da ita tana bakace geron. Na ji ba daɗi ranar. Na yi ta tunanin ko na taɓo abin da bai kamata ba don kawai ina neman kiɗa.

Bayan kwana biyu, na dawo daga makaranta ina cin abinci, Inna ta ce, "Wancan abin naka, ana iya ɗaukarsa a mashin?"

Ranar Asabar na naɗe na'urar a bargo, na ɗaure a bayan babur tare da batir. Inna ta bi motar haya. Muka tarar da Iya a ƙarƙashin dalbejiyar gidanta tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Sai da aka gama duk wannan Inna ta ce na sa mata ta ji.

Na raba sautin yadda taɓaryar farko za ta fito a kunnen hagu, ta biyun a dama. Iya ta runtse ido. Ba a yi nisa ba ta buɗe.

"Wace ce wannan ta biyun?"

"Ke ce, Yaya," in ji Inna.

"Ni? Ni ce nake gudu haka kamar an biyo ni? Ke dai kin yi min sharri a cikin inji."

"Wallahi haka kike yi. Har Innarmu tana ce miki ki bar wa mutane hanya."

Suka yi ta musu suna dariya, har Iya ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce a goge, ita za ta yi nata. Ta tashi ta kama taɓarya, amma kafaɗar ba ta bar ta ta kai ko ƙirji ba. Ta ajiye a hankali. Na ga fuskarta ta sauya, sai na yi maza na ce akwai sauran layi biyar da ba kowa a kansu, kuma Inna ta taɓa gaya min ita Iya ce mai ba da waƙa a cikinsu.

"Muryar ai ta tafi."

"A gwada, Iya. In ba ta yi ba sai mu goge, ba wanda zai ji."

Muka shiga ɗakinta saboda kaji. Na rataye makirfon a jikin ƙusar da take rataye carbi. Muryar ta fito siririya, tana rawa a farko, numfashinta kuma ba ya kai ta ƙarshen baiti. Sai muka riƙa yi guntu-guntu: ta yi layi ɗaya, na tsayar, ta huta, na mayar da ita baya kaɗan ta ɗora daga inda ta tsaya. Waƙar ta wata yarinya ce da ke yi wa gero faɗa don ya ƙi surfuwa, alhali ƙawayenta sun tafi dandali sun bar ta. Inna tana gefe tana tuna mata inda ta manta, wani wurin kuma su biyun suka manta, suka ƙirƙiro sabo nan take. Da aka gama, Inna ta yi amshi a layi na biyar. Muka kai la'asar.

Saura gurbin taɓarya ta uku. Na ce zan iya ɗaukar bugun Inna goma ɗin nan na maimaita shi har ƙarshe, na'urar tana iya wannan. Iya ta ce a'a.

"Wurin mutum ne. A sa mutum."

Ta dubi Inna ta ce, "Surukarki fa? Tana da ƙarfi?"

Matata haifaffiyar unguwar Gobarau ce a cikin birni, gidansu na ma'aikata, tun tasowarta injin ta sani. Da muka dawo da saƙon ta ce ita ba za ta iya ba. Amma washegari na dawo na same su a gindin turmi. Sati biyu suka yi. Tafin hannunta ya yi kanta, sau biyu taɓaryarta tana karo da ta Inna, sau ɗaya gero ya watse kaji suka samu rabo. Gidanmu kuwa muka sha kunu da fura har maƙwabta aka riƙa aika wa, don geron da aka surfa ya fi ƙarfinmu. Ranar da muka ɗauka, ba ta cilla taɓarya sama ba, Inna ma ba ta ce ta yi ba. Bugunta dai ya zauna a gurbinsa daram.

Na kwashe yini guda ina daidaitawa, ina tura wannan maɓalli ina jawo wancan, don kada turmi ya danne muryar Iya. Ban ƙara ko ɗigon fiyano ba. Da na gama na fito da lasifika tsakar gida na kunna. Kafin waƙar ta kai rabi sai ga sallama: wata Hajiya maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta shigo da mayafi a hannu tana cewa biki ake yi a gidan nan ba a gaya mata ba? Ta tarar da turmi a kife, mu uku a zaune. Aka sake kunna mata daga farko. Ta zauna a bakin tabarma tana kaɗa kai, ta ce a garinsu ba haka ake amsa wannan waƙar ba, ta rera mana nasu.

Na tura wa 'yan'uwa a waya, su ma suka tura wa wasu. Ba ta zama wata shahararriyar waƙa ba, ban kuma yi tsammanin haka ba. Amma wata malama a makarantarmu ta roƙe ni na koya wa 'yan aji shida amshin, suka yi a ranar yaye su, iyaye mata na bayan rumfa suna tayawa.

Yanzu duk ranar Asabar ɗin da ba ni da aiki, tsakar gidanmu ba ta rabuwa da baƙi. Hajiyar nan ta kawo ƙawarta mai buga shantu. Iya ta aiko cewa akwai wata tsohuwa a ƙauyensu da ta san waƙoƙin daɓe fiye da kowa, amma ba za ta samu sarari ba sai an gama girbi. Na rubuta sunanta a bayan littafin darasina. Inna ta ce in za mu je na tafi da goro mai kyau, kuma na bar ta ita ta fara yi wa matar magana, don in ni na fara da bayanin maɓallai, tsohuwar za ta tsorata ta ce ba ta iya komai ba.