Ni da Baba a jirgin ƙasa na Suwizalan

'Yan uwa na unguwar Rusaifa, ku sa mu a addu'a, yau na ga tashin hankali.

Da safe na kai Baba wani kwazazzabo a Suwizalan, ruwa shuɗi na gudu tsakanin duwatsu. Ya yi ta tasbihi. Daga nan muka hau jirgin ƙasa mai hawa dutse. Muka shiga nafaƙ, wato hanyar da aka huda ta cikin dutse, muka fito, rana tar. Ina nuna masa shanu ta taga, sai ya kama hannuna.

Ya ce, "Maryam, wannan nafaƙ ya fi na Mina tsawo. Yaushe za mu fita?"

Na ce, "Baba, ai mun fita tuntuni."

Na dubi fuskarsa. Idonsa a buɗe, amma ba ya ganin komai.

Muna asibiti yanzu. Na tambayi likita ko ganinsa zai dawo, ya sunkuyar da kai.