Minti Goma Sha Uku a Salford

Perry Barr, 5:40 na asuba

Na fito ana yayyafi, da rikoda a jaka da ledar tsarabar kuka da daddawa a hannu. Wata bakwai ina neman ganin wata tsohuwar Baturiya mai shekara casa'in da huɗu, ɗaya daga cikin matan farko da suka rubuta wa kwamfuta umarni a Manchester, tun ana huda shi a doguwar takarda. A kanta nake digirina na uku. Maƙalar da aka buga kan aikin da suka yi sunayen maza kawai ke jikinta, ni kuma so nake ta faɗa da bakinta wane ɓangare ne nata. 'Yarta ta ba ni daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na safe a gidansu da ke Salford, dab da Manchester, ta ce bayan nan kan tsohuwar yakan rikice, kuma jibi za a mayar da ita gidan kula da tsofaffi.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Mama a waya. Ta ce, "Manchester? Ki shiga garin ki fita ba ki gaida Gwaggo Rabi ba? Kada ma in ji."

Old Trafford, 8:35

Jirgin ƙasa ya cika alkawari, mil tamanin da 'yan kai cikin awa ɗaya da rabi. Na ce minti ashirin sun isa gaisuwa a gidan Gwaggo da ke unguwar nan. Ashe ban san Gwaggo ba.

"Gwaggo, ina da appointment ƙarfe goma, ana jirana."

"Da GP, likitanki?"

"A'a, da wata tsohuwa."

"To, ni yarinya ce? Zauna, yanzu zan zuba wainar."

Ƙullun ma bai gama tashi ba. Ta tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Na miƙe sau uku, sau uku tana cewa raini ne. Wallahi har hawayen takaici na yi a banɗaki. Sai 10:20 ta sake ni, da kular waina a hannu.

Salford, 10:47

'Yar tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta dubi agogo, ta matsa gefe na shiga. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tsohuwar na zaune da naɗin takarda mai huji-huji a cinya. Ta ɗaga shi saitin taga tana karanta hujin kamar wasiƙa. Ta ce a zamaninsu awa guda ake ba mutum a kan na'urar, wanda ya makara sai wani makon. Na sunkuyar da kai. Ta nuna inda ta taɓa liƙe huji da hannu ta gyara kuskuren da ya gagari maza uku.

Sha ɗaya saura minti ɗaya na yi tambayata: wane ɓangare ne nata? Ta ɗora yatsa a takardar, ta ce, "Daga nan zuwa..." Yatsan ya tsaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya cikin ladabi ko ni ce sabuwar nas.

Perry Barr, 4:15 na yamma

Na dawo lafiya, na gode wa Allah, na gode wa 'yar da ta bar ni na ɗauki hoton naɗin. Na san inda aikinta ya fara, ban san inda ya ƙare ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Ina cire takalmi Mama ta kira. "Gwaggonki ta ce ko zama ba ki yi ba."