Ranar da Baba Ya Taka Totur Har Ƙasa

Motar mahaifinmu ta girmi autarmu da shekara biyu. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun ina makarantar sakandare, don haka babu wanda ya san iyakar nisan da ta ci. Abin da muka sani shi ne duk mako sai Baba ya taso daga Bunguɗu, ya ratsa Gusau, ya je Tsafe ya gaida ƙanwarsa, ya juyo kafin la'asar.

A wata damina motar ta fara rawa idan tana tsaye, sannan ta mutu masa sau biyu a hanya. Yayanmu ya tara mu ya ce injin ya gama aiki, a sayar wa 'yan gwangwan, duk inda Baba zai je ɗayanmu ya kai shi. Mun yarda, domin hankalinmu ba ya kwanciya. Baba ne bai yarda ba. Ya san idan motar ta tafi, fitarsa ta koma sai ranar da wani ya sami sarari.

"Wa ya auna ta?" ya tambaya. "Ko hatsi sai an sa kwano kafin a ce ya yi kaɗan."

Aka tsaya a kan haka: za a kai ta wurin wani bakanike a Sabon Gari mai ma'aunin ƙarfin inji. In ma'auni ya ce ta mutu, Baba zai miƙa makulli.

Bakaniken dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya bar injin ya yi ɗumi, ya cire fulogi huɗu ya jera su a kan tsumma, ya katse hanyar fetur. Sannan ya nuna mana ma'aunin, wani agogo mai allura ɗaya da bututun roba. Ya ce za a ɗaura shi a ramin kowane fulogi, a murza makulli, allura ta nuna yadda silinda ke matse iska. Injin da ya gaji ba ya iya matsewa.

"Alhaji, ka shiga ka murza, ka taka totur," in ji shi, domin Baba ya riga ya ce ba mai zama a kujerarsa.

Ni aka ba takarda in riƙa rubuta abin da allura ta nuna. Silinda na farko ɗari da biyar. Na biyu ɗari da takwas. Na uku tamanin da biyar. Na huɗu ɗari da biyar. Bakanike ya ce lafiyayyen inji irin wannan ya kamata ya kusa ɗari da hamsin.

Yaya ya gyara hula. "To Baba, kwano ya yi magana."

Baba ya zare makullin yana juya shi a hannu, ya ƙi kallon kowa. A lokacin na ji nasarar tamu ba ta yi mini daɗi ba.

Bakanike kuwa bai rufe murfin inji ba. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce silinda uku sun yi ƙasa kusan daidai da juna, kuma tsohon inji ba kasafai yake lalacewa a jere haka ba. Ya zagayo ya leƙa ta taga.

"Alhaji, nuna mini yadda ka taka."

Baba ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan totur, ya ɗan dangwala.

"Har ƙasa na ce, Alhaji. In ba a buɗe wa iska hanya ba, me injin zai matse?"

"Har ƙasa?" Baba ya zaro ido. "Tun da munka haɗu da wagga mota ban taɓa kai mata ƙafa ƙasa ba. Mi ta yi mini?"

"Ai na cire mata fetur, ba abin da zai ƙone."

"Ba fetur nike ji ba. Rashin mutunci ne."

Mutanen gareji suka fashe da dariya. Wani direba da ke jiran a gama masa birki ya ce, "Ashe kai ne mai tara mana layi a hanyar Tsafe! Alhaji, har mai keke na gani ya wuce ka."

"Ya wuce ni, na kuma iske shi yana faci," in ji Baba.

Sai da Yaya da kansa ya ce a sake, don kada a ce an yi wa Baba coge. Baba ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya danna ƙafa har ƙasa. Allura ta yi tsalle. Ɗari da hamsin. Ɗari da hamsin da biyu. Na uku ɗari da ashirin. Na huɗu ɗari da arba'in da takwas.

Saura na ukun. Bakanike ya zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ya sake aunawa. Ya ce da zoben fistan ne ya cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci, allura ta hau. Ba ta motsa ba. Ya ce ke nan bawul ne, wato marfin da ke tsare iska a silinda, bai rufewa sosai, shi ke sa motar rawa, kuma aikin yini ɗaya ne.

"Wannan inji an lallaɓa shi," ya ce wa Yaya. "Naka da ka zo da shi bara bai kai shi lafiya ba."

Yaya ya ce shi dama bai taɓa ƙin motar ba. Baba ya ce Allah ya sa, ya tura makullin cikin aljihun 'yar shararsa.

Ranar Asabar aka gyara bawul. Bakanike ya nemi a riƙa kawo ta awo duk shekara kafin ruwa ya sauka. Baba ya amince, amma ya ce a ranar sai dai ni in zauna in taka, shi zai tafi shan fura har mu gama. Washegarin gyaran da hantsi ya kama hanyar Tsafe shi kaɗai.